Kumatun Aro

Duk wanda ya shiga gidan Idirisu a unguwar Birni ta Damagaram ya tarar da matarsa Balki zaune gaban kaskon suya, sai ya ce wannan mata ta samu duniya. Fuska ta cika ta yi ɓul-ɓul, wuya ya yi kauri, kumatu na sheƙi kamar an shafa musu man shanu. Matan da ke zuwa ɗaukar alkakin gara sukan tsaya su riƙe haɓa su ce, "Kai! Idirisu ya iya kiwo." A kwashe da dariya. Ita ma Balki sai ta yi murmushi, don ta daɗe da gane murmushi bai kai bayani cin ƙarfi ba.

Ba mai sauke ido ƙasa da wuya. Da sun sauke da sun ga hannuwan. Yatsun sun karkace sun nufi gefe guda kamar karan dawa bayan iska, gaɓoɓin sun kumbura sun yi ƙulle-ƙulle, zoben azurfar da uwarta ta ba ta ma sai da maƙeri ya yanke shi. Ciwon yana da wani dogon suna na Faransanci da likita ta faɗa a asibiti, mutanen gida suka gajarce shi suka ce sanyin ƙashi ne, kowace tsohuwa na da shi. Balki kuwa ko arba'in ba ta cika ba. Kuma ba zafin gaɓoɓin ne ya fi kayar da ita ba. Zafi ana cije leɓe a wuce. Gajiyar ce. Ba irin ta wanda ya wuni a gona ba, wadda barci ke wankewa. Wannan da ita take kwana, da ita take tashi. Gari zai waye ta ji kamar an ɗauko ɗaya daga duwatsun nan na Birni an ɗora mata a ƙirji, ɗaga buta ma sai ta yi shawara da zuciyarta.

Likitar, wata mata mai ƙaramar murya, ita kaɗai ta taɓa yi mata maganar da ta zauna a kunnenta.

"Madam, ke ƴar Damagaram ce, ba sai na koya miki halin pampo ba. Yau ya kawo, gobe ya ɗauke, in ya kawo ma ɗigo-ɗigo. Me kike yi?"

"Tarawa nake a randa."

"Kina wanke tsakar gida da shi?"

"Wa zai yi wannan hauka?"

"To ƙarfinki ya koma ruwan pampo. Ki san na sha, ki san na alwala. Ki kwanta tun ba ki gaji ba. In akwai wata babbar hidima a gabanki, ki fara tari tun kafin ranar."

Balki ta riƙe wannan magana kamar karatu. Da safe ba ta taɓa komai sai ta jiƙa hannuwa a ruwan ɗumi yatsun sun saki. Ta naɗe ƙotar matsami da tsumma har ta yi kaurin da za ta iya damƙa. Ta bar aikin tsaye, komai a kan ƴar kujera take yi. Ranar wanki ba ta ɗora tukunya mai wuya. In rana ta take sai ta shiga ɗaki ta miƙe, ko barci bai zo ba. Da haka ta ɗan samo kanta, har wata rana ta ji tana waƙa ƙasa-ƙasa tana tsince shinkafa.

Sai dai randar a tsakar gida take, kuma kowa yana da moɗa.

Babbar moɗa ta Hajiya Ummul Khairi ce, yayar Idirisu. Ita ke karɓar kumanda, wato aikin kayan gara da masu aurar da ƴaƴa ke bayarwa, alkaki da dubulan da nakiya. A gari cewa ake alkakin Hajiya. A gida kowa ya san hannun wa ne. Balki ta koya wurin uwarta a Mirriya, da wani irin naɗi da ba kowa ke yi ba: a murza ƙullun ya yi igiya, a zagaya, a cusa wutsiyar ta ƙarƙashi ta leƙo kamar bakin ɗaurin ɗankwali. Hajiya ta taɓa ɗauko ƴan aiki su yi, masu biki suka dawo da kaya suka ce ba shi ba ne.

Hajiya ba ta taɓa ce wa Balki malalaciya ba. Da ta ce, da Balki ta samu abin riƙewa. Yabo take yi.

"Matar ƙanena, sarauniyar alkaki! Wallahi hannunki daban ne. Ɗan wannan kawai za ki taya ni, daga shi ki kwanta har ki gaji da kwanciya."

Shi ma Idirisu ba mugu ba ne a irin muguntar da ake kai ƙara. Ɗan kasuwa ne mai shagon yadi, idonsa a kan abin da ke juyawa da wuri. Cikin magungunan da likitar ta rubuta akwai wata ƴar farar ƙwaya, ba ta fi ƙwayar dawa ba, wadda aka ce a sha na ɗan lokaci, a riƙa ragewa har a bari. Ya lura duk ranar da Balki ta sha ta, takan miƙe ta yi aiki har la'asar. Sauran magungunan masu tsada, waɗanda sai an yi watanni ake ganin aikinsu, ya ce wayon masu farmasi ne. Ya ɗauki kwalin ƙaramar ya nuna wa wani mai tallar magani a faranti bakin kasuwa. Mai farantin ya yi dariya ya ce, "Ai ita mata ke sha su yi jiki. Madam za ta gode maka." Tun daga ranar ba a koma asibiti ba. Kullum da safe shi da kansa yake ajiye ƙwayar a gefen kofin shayinta, ya tsaya sai ta haɗiye. Maƙwabta suka ce ba su taɓa ganin miji mai kula irinsa ba.

Ƙwayar ba ta ƙara ruwa a randa. Huda gindin randar take yi, ruwan ya fito da ƙarfi, kowa ya ga kamar ambaliya. Kashegari sai a tarar da ita ƙaf, a nemi wata ƙwayar. Fuskar Balki ta yi ta cika, ƙafafunta na sirancewa, har ta kai in ta wuce madubin da ke jikin kabad sai gabanta ya faɗi, kamar ta yi karo da baƙuwa a ɗakinta. Ta samu tsohon zane ta rufe madubin. Ta kuma san abin da likitar ta gargaɗe ta: wanda jikinsa ya saba da ƙwayar nan, in ya yanke ta rana ɗaya zai iya faɗuwa ba tashi.

Ana cikin watan da kowa ke gaggawar kai ƴarsa ɗaki kafin azumi, saƙon murya ya shigo wayarta daga ƙanenta Mamman, wanda ke riƙe da uwarsu a Mirriya. Inna ta daɗe da rasa ido, kunnen ma ya tafi saura kaɗan, sai an yi mata ihu ta tsinci kalma ɗaya cikin goma. Da hannu take gane mutane. In jika ya shigo sai ta kamo kansa ta shafa, ta faɗi sunansa.

Mamman ya ce, "Yaya Balki, jikin Inna ya yi nauyi. Ga ta nan, ita ta ce sai ta yi miki magana."

Sai muryar Inna, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. "Balki! Balki, ki zo in taɓa fuskarki."

Iyakar saƙon ke nan. Balki ta saurara ta sake saurara har wayar ta yi zafi a tafinta.

Mirriya ba nisa. Mai lafiya zai karya a Damagaram ya je ya dawo kafin azahar. Amma ga Balki hanya ce mai gaɓa-gaɓa: hawan kabu-kabu zuwa tasha yana girgiza ta a kan ramuka, zaman jiran mota ta cika a cikin rana, matsatsi da gwiwar mutane a jikinta, sannan tafiyar ƙasa daga bakin titi zuwa gidansu bayan lambuna. Ta auna ta ga sai ta yi tari tukuna. Da yamma, Idirisu na cin tuwo, ta durƙusa gefe.

"Malam, Inna ba lafiya. Ina son in je ran Lahadi, ranar kasuwa motoci ba sa wuya."

"Subhanallahi. Allah ya ba ta sauƙi. Ki je mana, na taɓa hana ki zuwa gidanku?"

Gaskiya ya faɗa. Bai taɓa hanawa ba.

Ta fara tari. Ta bar wanki ya taru, ta yi dafa-duka maimakon tuwo, ta riƙa kwanciya tun hantsi. Ta ji ƙarfin na ɗigowa kaɗan-kaɗan, tana lallaɓa shi kamar mai ɗauke da ƙwarya cike. Ana gobe Lahadi sai ga sallamar Hajiya, a bayanta mai kura da buhun alkama da jarkokin mai.

"Ina sarauniyar? Tashi, tashi, arziki ya zo har gida. Ƴar wani babba a duwan, masu kwastan ɗin nan, za a kai ɗaki, uwar yarinyar ta ce in ba alkakin gidan nan ba gara a fasa garar."

"Yaya Hajiya, gobe nake son zuwa Mirriya. Inna ce."

"Allah sarki Inna A'isha. Ai na ji. Amma Balki, tsakani da Allah, tsohuwar nan tun yaushe take wannan kwanciya? Tsofaffin da ƙashi gare su, sai ta binne mu duka. Na riga na amsa wa matar nan. So kike a ce gidan mijinki ba su da alkawari? Mu gama wannan, ni da kaina zan ɗauki tasi in kai ki har ƙofar ɗakinta."

Balki ta dubi Idirisu. Yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba.

"Ku mata kun fi kusa. Ni dai ban hana ba."

Da safe ƙwaya biyu ta tarar a gefen kofin.

Aka murza ɓarzajjen alkama da mai, aka kwaɓa da ruwan tsamiya, ya kwana ya tashi, aka zuba kanwa. Duk wannan ƴan aikin Hajiya na iyawa. Naɗin ne sai Balki. Ta zauna tun hantsi tana murza igiya da gefen tafin hannu, don yatsun ba sa lanƙwasuwa, tana cusa wutsiya da babban yatsa. Kowane ɗaya sai ta ji shi har ƙeya. In an jefa alkakin a mai ya yi cuuu, sai ta ji kamar a cikin ƙarar akwai mai kiran sunanta. Ta ɗago ta duba zaure. Ba kowa.

Da aka jera kayan a manyan fanteka suna ƙyallin zuma, Hajiya ta zaro waya.

"Matso nan, matar ƙanena. Ɓoye hannuwan a mayafi, sun yi mai. Yawwa. Yi murmushi mana, kamar wadda aka yi wa mutuwa!"

Ta ɗauka, ta watsa wa duk wanda lambarsa ke wayarta, har da Mamman.

Tasin Hajiya bai zo ba. Ko da ya zo ba wadda zai ɗauka, don Balki ta kwanta kamar wanki, juyi ma sai ta dafa bango. Tana nan kwance saƙon Mamman ya shigo, muryarsa a bushe.

"Yaya, mun ga hoto. Ma sha Allah, kin yi jiki, har matata ba ta gane ki ba. Da cewa nake wa mutane ba ki da lafiya. Yanzu me zan ce musu? Kullum Inna sai ta sa an juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa."

Ta danna za ta ba shi amsa, ta rasa ta inda za ta fara. Yaya za ka gaya wa wanda ya ga kumatunka cewa na aro ne? Ta ce kawai, "Ina nan tafe, Mamman. Ka ce mata ina nan tafe."

Ta sake tari. Wannan karon ba ta gaya wa kowa ranar ba, ta ɓoye ƙarfin kamar mai ɓoye abin sata. In ta ji ɗan sauƙi sai ta ƙara lanƙwashewa, kada a gani a kawo moɗa. Waƙar nan ta ƙasa-ƙasa ta bar ta. Amma gida ba ya rasa ɗan wannan kawai. Baƙin Idirisu suka sauka daga Garagumsa, abokan cinikinsa.

"Ɗan tuwo kawai, Balki. Mutanen ƙauye ne, in aka sayo musu na kanti sai su ce na wulaƙanta su."

Pampo ya kawo da rana tsaka bayan ya daɗe a ɗauke, ba kowa a gida sai ita, in ba ta tara ba a kwana da ƙishi. Aka yi rasuwa a maƙwabta, Hajiya ta aiko a ce mata rashin leƙawa abin kunya ne, ga ki garau kowa na gani. Ba wanda ya ɗebi da yawa. Kowa moɗa ɗaya ya ɗiba, kuma kowa da bismilla ya ɗiba.

A kwanakin nan ne in ta miƙe da rana, tsakanin barci da ido, take jin yatsu masu sanyi suna bin fuskarta. Su fara daga goshi, su sauko kan hanci, su tsaya a kumatu suna lalube kamar sun ɓata hanya. Ta farka a firgice, ta tarar ƙofa a rufe, zanen madubi na motsi kaɗan, alhali ba iska.

Sai wata kumandar ta zo, ta fi ta farko. Hajiya ta ce wannan ce ta ƙarshe kafin azumi, ta rantse. Washegarin da aka kwashe kayan, Balki na kwance ko kofin shayi ta kasa ɗagawa, wayar ta yi ƙara. Mamman bai yi gaisuwa ba.

"Ta bar karɓar fura. In za ki zo, ki zo."

Ba ɗigo a randar. Balki ta san haka. Ta ja jiki zuwa inda Idirisu ke ajiye kwalin, ta ɓare da haƙori, ta haɗiye ƙwayoyin da ba ta tsaya dubawa ba. Yau ne kaɗai ta sha da hannunta ba a tsaya a kanta ba. Ta zauna bakin gado tana jiran gindin randar ya huje.

Idirisu ya ce kaya za su sauka a shago, in ba haka ba da shi zai kai ta. Ya tsayar mata da kabu-kabu, ya ce wa mai tuƙin ya bi a hankali. Hajiya ta biyo ta da ƴar leda.

"Ungo, ragowar jiya ne, ki kai wa Inna ta sa albarka. Kin ga da kin tafi tun ran nan, da wa zai kai mata alkaki?"

A tasha motar ta daɗe ba ta cika ba. Wata mata mai buhun barkono ta dube ta ta ce, "Hajiya, ki ɗan matsa mana, ke kaɗai kin cinye kujera." Balki ta matsa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji shi a kowace gaɓa. Da suka shiga inuwar tsamiyoyin Mirriya ta sauka, ta bi hanyar lambuna tana tafiya tana tsayawa, ta dafa wannan katanga ta huta, ta dafa waccan. Yaran da ke wasa ba su san ta ba. Matan da suka san ta suka bi ta da kallo.

Ɗakin Inna na warin hayaƙin turare da jiƙo. Tana kwance a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya, fuskarta na kallon ƙofa. Mamman na zaune a gefenta. Ya dubi yayarsa sama da ƙasa, ya sunkuya kan kunnen tsohuwar ya ɗaga murya.

"Inna! Ga Balki!"

Hannuwan Inna suka tashi tun kafin bakinta, suna lalube a iska. Balki ta zube a gwiwa, zafin ya tsarga mata har kwanya, ta kai fuskarta cikin tafukan uwarta.

Yatsun masu sanyi ne. Suka fara daga goshi. Suka sauko kan hanci. Suka isa kumatu suka tsaya. Suka danna, suna neman ƙashin nan mai tsini da Inna ke cewa na kakarta ne, ba su same shi ba. Suka gangara haɓa suna neman ɗan ramin tsakiya, nama ya cike shi. Suka zaga wuya, suka tarar da tudu a ƙeya. Sannan a hankali suka janye.

"Wace ce?"

"Ni ce, Inna! Balki ce!" Muryar ta fito a dishe, gajiya ta cinye ta. Ko mai kunne sai ya matso.

"Mamman, wace ce wannan?"

"Ita ce, Inna! Yaya Balki ce!"

"Kai, tafi can. Ni na haifi Balki. Fuskarta ƴar siririya, tafina ɗaya ke rufe ta. Don na makance za ku kawo min wata ku rufe min baki?"

Balki ta kamo hannun ta kai shi kan ƴan tsagar da ke gefen idonta. Inna ta shafa ta ce, "Rabin Damagaram na da wannan." Sai ta riƙe hannun da ya kamo ta, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ƙulli bayan ƙulli. Fuskarta ta yi laushi da tausayi.

"Allah sarki. Ashe tsohuwa ce ƴar'uwata. Sannu, baiwar Allah. Ke ma sanyin ya kama ki? Da wannan hannun kika taso tun daga birni?"

Ledar ta zame daga cinyar Balki, alkaki ɗaya ya gangaro ya taɓa gwiwar hannun Inna. Ta lalubo shi. Ta juya shi a yatsunta, ta bi zagayen, ta iske ƴar wutsiyar da ta leƙo ta ƙarƙashi. Nan take bakinta ya buɗe da murmushi, ba haƙori ko ɗaya. Ta kai shi kan harshe ta lasa.

"Wannan kam hannun Balki ne. Ni na koya mata. Kin ga wutsiyar? Ba mai yin ta sai mu." Murmushin ya tafi a hankali. "Ashe tana da ƙarfin yin alkaki. Aikowa ta yi."

"Inna!"

"Ba komai. Gidan miji sai a hankali. Baiwar Allah, in kin koma ki gaya mata na ga saƙo, ya yi daɗi. Ki ce mata ban yi fushi ba. Amma ki ce ina nan ina jira, kar ta daɗe."

Ta damƙe alkakin a ƙirji, ta gyara kwanciya, ta mai da makafin idanunta ga ƙofa, ta bayan kafaɗar Balki.

Sai a lokacin Mamman ya sauke ido ya ga hannuwan yayarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi ya fita waje.

Balki ta wuni a gefen tabarmar. Ta yi kira har muryar ta ƙare. Ta shafa mata ƙafa, ta ɗiga mata ruwa a baki, kowane karo Inna na cewa, "Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah," kamar yadda ake gode wa baƙo. In labule ya motsa sai ta ɗaga kai ta ce, "Ita ce?" Washegari da hantsi Inna ta cika, fuskarta na kallon ƙofa. Sai da masu wanka suka ɓamɓare yatsunta kafin su cire alkakin.

A zaman makoki Balki na jingine da bango don zaman ma ya fi ƙarfinta. Tana jin mata a bayan zana.

"Ita ce wancan? Tabɗi. Ji wuya kamar na saniyar turke."

"Nan da Damagaram fa. Sai da uwar ta kai gargara."

"An ce har ta mutu ba ta yarda da ita ba. Uwa ai ba ta ƙin ɗa a banza."

Idirisu da Hajiya sun zo gaisuwa cikin tasi, da buhun shinkafa da goro. Mutanen Mirriya suka yaba, suka ce Balki ta yi dacen gidan miji.

Bayan an share makoki ta koma Birni. Da safe ta fito ta zauna a kan ƴar kujerarta, hannuwa cikin ruwan ɗumi. A bakin madafa akwai sabon buhun alkama, Hajiya ta ce na Salla ne, ba gaggawa, aiki ma yana rage tunani. Idirisu ya kawo shayi da kansa, ya ajiye ƙwayar a gefe, ya tsaya.

"Sai haƙuri, Balki. Alhamdu lillahi tunda kun gana. Kin ga da na hana ki, da yanzu ina zan sa kaina?"

Ba ta taɓa kofin ba. Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da bai saba gani ba.

"Malam, an ba ni saƙo in kawo gidan nan."

"Saƙon wa?"

"Na Inna. Ta ce in gaya wa Balki tana jiranta, kar ta daɗe. Na duba ɗaki, na duba madafa, na ɗaga zanen madubi, ban gan ta ba. Kai aka ba wa ita. Ina ka kai ta?"

Idirisu ya yi ƴar dariya wadda ba ta kai ido ba. Ya waiga ko Hajiya na kusa. Ya gyara hula.

"A'uzu billahi. Gajiya ce ke sa ki sambatu. Sha maganinki ki ji ƙarfi."

Ya tsaya sai da ta haɗiye, don mutum ne mai kula. Sannan ya fita kasuwa, yana amsa gaisuwar maƙwabta a ƙofar gida.

Ba wanda ya zage ta a gidan nan, ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya hana ta zuwa ko'ina. In ka tara su gaban alƙali, kowa zai dafa Alƙur'ani ya ce ɗan wannan kawai ya roƙa, kuma ba zai yi kaffara ba. Har yau in ka bi ta lungun da hantsi za ka ji ƙamshin alkaki, ka ga mace mai cikar fuska a gaban kasko. In mai ya yi cuuu takan ɗaga kai ta dubi zaure. Saƙon na nan a wurinta, ba ta samu mai shi ba.